Ship Ahoy: Faifan da O'Jays Suka Yi Mana Ba Tare da Sun San Mu Ba

Duk wanda ya ce mini akwai faifan soul da ya fi Ship Ahoy na O'Jays, to ya gyara zama, don ba za mu rabu ba sai ladan ya raba mu. Na ji Temptations, na ji Four Tops, na ji Spinners, kuma dukkansu ina cire musu hula. Amma wannan faifai mai waƙa takwas kacal, wanda ya fito daga birnin Filadelfiya na Amurka a ƙarshen 1973, shi ne gagarabadau. Ya haura shekara hamsin, har yau in na sa shi tsigar jikina tashi take yi.

Su uku ne: Eddie Levert, Walter Williams da William Powell. 'Yan garin Canton ne a jihar Ohio, kuma tun suna 'yan makaranta a 1958 suka haɗa ƙungiya, lokacin su biyar. Sunan ma daga wani mai gabatar da shiri a rediyon Cleveland suka ɗauko shi, Eddie O'Jay, wanda ya riƙe musu hannu da farko. Sun fi shekara goma suna fama, yau a samu gobe a rasa, har biyu daga cikinsu suka haƙura. Sai a 1972, a kamfanin Philadelphia International na Kenny Gamble da Leon Huff, suka yi Back Stabbers, kuma waƙar Love Train da ke ciki ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1973. Ƙofar arziki ta buɗe ke nan. Ɗan kasuwa in ya ga hajar da ta karɓu ita yake ƙara sarowa, don haka kowa ya zaci za su dawo da wasu waƙoƙin soyayya da rawa. Sai ga su da jirgin bayi a bangon faifai.

Jirgin bayi fa! Mutanen da aka sani da kwat mai walƙiya da taku iri ɗaya a kan dandamali, sai ga zanensu a cikin jirgi tare da 'yan Afirka da aka kamo. A 1973 ake maganar nan. Littafin Roots na Alex Haley bai fito ba sai 1976, fim ɗinsa na talabijin kuma sai 1977. Wato shekara uku kafin Amurka ta zauna gaban akwatin talabijin tana share hawaye, waɗannan bayin Allah sun riga sun ɗauki maganar sun sa ta a faifan da ake saya don a yi rawa ranar Asabar.

Waƙar da faifan ya ci sunanta ta wuce minti tara, kuma ba ta gaggawa ko kaɗan. Kafin ka ji muryar mutum, teku za ka fara ji. Igiyar ruwa tana dukan katako, katakon yana kuka, iska tana kaɗawa, sai ƙarar bulala ta tsaga wurin. Daga nan kiɗa ya taso a hankali, mai nauyi, gogen Turawa suna ja daga ƙasa, ƙahoni suna shigowa jefi-jefi. Sai muryoyin nan uku su haɗu su yi kira, kiran da matuƙan jirgi suke yi, amma a bakinsu ya koma makoki. Levert ya shigo da muryarsa mai kaushi, irin ta mai wa'azin cocin baƙar fata da ya yi kwana uku bai runtsa ba. Williams ya karɓe shi da tasa mai sanyi, Powell yana can sama da siririyar murya yana ɗinke su. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa, yadda uban waƙa zai jefa magana su cafe, su ƙara mata, su mayar masa kafin ta faɗi ƙasa, ba zai yi baƙunta a nan ba. Abin da ya fi kashe ni shi ne waƙar ba ta yi maka lacca. Ba a ce maka ga shekara kaza, ga adadi kaza. Ana ɗaukar ka ne kawai a ajiye ka a ƙasan jirgi, a bar ka da ƙugin ruwa. Asali Gamble da Huff sun shirya ta ne don fim ɗin Shaft in Africa, amma ba ta shiga ba. Alhamdu lillahi da ba ta shiga ba. Da an yanka ta gunduwa-gunduwa an sa a bayan harbe-harben bindiga.

Mu Hausawa muna da ɗabi'ar ɗaukar wannan labari kamar na wasu ne, na mutanen Kurmi da na baƙaƙen Amurka. Ba haka ba ne. Daga cikin mutum kusan miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage cikin ƙarnonin cinikin bayi, waɗanda kusan miliyan biyu daga cikinsu ba su taka gaɓar can da rai ba, akwai namu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa ɗimbin Hausawa hannun fatake, aka gangara da su Ikko da Badagiri da Wida, aka haye da su Bahiya ta ƙasar Barazil. Hausawan can su suka ƙulla tawayen 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na Janairun 1835 a birnin Salvador, cikin watan azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mahommah Baquaqua mutumin Zugu ne, zangon da fataken goro suka sani sarai. An kai shi Barazil, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga labarinsa a Detroit a 1854. Kuma gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci: a kasuwanni irin su Salaga, masu sayarwa ma da yawa da harshenmu suke ciniki. To in Levert ya kece da kuka a tsakiyar waƙar nan, ni ba baƙo nake ji ba. Ina jin wani ne da wataƙila kakan kakansa ya san ɗanɗanon fura.

Shi ya sa nake cewa babu inda ya fi dacewa a saurari faifan nan kamar Treichville ta birnin Abijan. Unguwa ce da tashar jiragen ruwa ta raina. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, manyan jirage suka samu shigowa tafkin Ebriye, sai garin ya cika da 'yan ci-rani: Mosawa, Julawa, Zabarmawa, Yarbawa, 'yan Sanigal, da mu. Wasu ta jirgin ƙasan da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar suka zo, jirgin da har yau bai taɓa ganin ƙasar Nijar da idonsa ba, don a Wagadugu ya ja birki a 1954, daga baya aka ɗan ƙara shi zuwa Kaya. Da dare in iska ta juyo daga Vridi kana jin kukan jirage daga ɗakinka. Sa waƙar a irin wannan lokaci ka ga ko za ka iya ci gaba da hira.

Kuma kunnen Abijan ya riga ya nuna kafin faifan ya iso. James Brown ya sauka garin a 1968, zuwansa Afirka na farko ke nan, samari suka tara gashi suka koyi zamiya da ƙafa ɗaya. A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi Soul to Soul a Ankara, nan maƙwabta, da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Staple Singers. A 1974 Spinners suka je Kinshasa bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da Foreman. Kuɗin koko da kofi suna yawo a Kodebuwa, gidajen rawa na Rue 12 ba sa barci, mawaƙa daga ko'ina suna tururuwa. Manu Dibango ya riƙe makaɗan gidan rediyo da talabijin na ƙasa, Boncana Maïga ɗan Gawo ya yi aiki a can, Salif Keita da Ambassadeurs a Abijan suka ɗauki Mandjou a 1978. Ni a shagon ɗinkin wani abokin kawuna na fara cin karo da Ship Ahoy, tsakanin tarin fayafayen James Brown da na Kwango. Baba tela ba ya jin Turanci, Faransancinsa ma na ciniki ne, amma in aka zo wurin bulalar nan sai ya ɗage ƙafa daga keke. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, waɗannan ba rawa suka zo yi ba, ta'aziyya suka zo." Kawuna kuwa, da yake ustazu ne, cewa yake a kashe garmahon nan a bar mutane su yi lazimi, sannan ya zauna a bakin ƙofa inda ya fi jin sautin.

A juya faifai. For the Love of Money ita ce ta buɗe ɗaya gefen, kuma a nan ne nake rasa kamun kai. Jitar bes ɗin nan da ta fara waƙar, wallahi ko gawa ta ji sai ta motsa yatsa. Wani saurayi ne ɗan New York mai suna Anthony Jackson ya kaɗa ta, yana ɗan shekara 21. Injiniyan ɗakin ɗaukar sauti na Sigma Sound, Joe Tarsia, ya bi da sautin ta wata na'ura mai sa shi ya riƙa murɗawa kamar yana numfashi, ya kuma juya amon muryoyi ta baya, shi ya sa kake jin inuwar kalma tana isowa kafin kalmar kanta. Gamble da Huff da suka ji abin da yaron ya yi, sai suka sa sunansa cikin marubutan waƙar. A sana'ar da aka saba cinye haƙƙin makaɗi a ba shi na cefane, wannan abin a yaba ne. Bayansa ga MFSB, makaɗan gidan, waɗanda su talatin da wani abu ne in sun cika, suna tafiya kamar mutum ɗaya. Minti bakwai ne da 'yan kai, kuma duk wanda ya san guntuwar da ake sawa a rediyo kaɗai, rabin waƙar ya sani.

Taken waƙar daga wata aya ta Linjila aka ɗauko shi, wadda ke gargaɗi kan son kuɗi, amma babu malamin zaure da zai ƙi sa hannu a kan abin da ke ciki: ɗa ya saci na uwarsa, ɗan'uwa ya cuci ɗan'uwa, mace ta sayar da mutuncinta, duk don 'yar takarda. Kenny Gamble ɗin ma daga baya ya musulunta, ya zama Luqman Abdul Haqq, kuma dama shi mutum ne mai son cusa wa'azi a bayan fayafayensa. In kana son fassarar waƙar nan kyauta, sa ta a kunne ka ratsa Adjamé da hantsi. Bi ta Boulevard Nangui Abrogoua, wuce babban masallaci, ka nufi Forum. Karnukan motar gbaka suna lilo a ƙofa suna kiran Abobo da Yopougon, 'yan woro-woro suna hon, masu tura baro suna ihun a ba su hanya, a Black Market wani yana rantse maka da kabarin ubansa cewa wayar nan sabuwa ce fil. Takun kasuwar da bugun bes ɗin Jackson daidai suke tafiya, ba ragi ba ƙari. Ga 'yan'uwanmu masu garba tsaye kan kaskon mai tun asuba, suna soya kifin tuna suna auna aceke, jaka ɗaya jaka biyu, don a aika gida Tawa ko Maraɗi ko Dogon Dutsi kafin damina. Su neman halali suke. Waƙar ba da neman kuɗi take faɗa ba, da bauta musu take, kuma Abijan ta ga iri-iri: ta ga zamanin Douk Saga da coupé-décalé, inda mawaƙi ne ke yi wa 'yan kallo liƙi don a san ya tara, ta kuma ga yaran da ake kira brouteurs suna damfarar Turawa ta intanet suna ƙarar da kuɗin a dare ɗaya a mashaya.

Abin dariya, abin haushi, Amurka ta ɗauki waƙar nan ta kifa ta. A 2004 ta zama taken shirin talabijin na Donald Trump, The Apprentice, inda ake nuna jirage da dogayen benaye ana kaɗa ta kamar kirarin attajirai. An ɗebi amshin an zubar da wa'azin. Su O'Jays ɗin da kansu sun fito sun nuna ɓacin ransu a 2016, lokacin da aka sa Love Train a babban taron jam'iyyar Republican a Cleveland, a jiharsu. Gara ma abin da 'ya'yan Levert, Gerald da Sean, suka yi da ita a fim ɗin New Jack City na 1991, don su aƙalla sun san waƙar gidansu ce kuma sun san abin da take nufi.

Akwai kuma Don't Call Me Brother, wadda Gamble ya rubuta da Bunny Sigler, ita ma kusan minti tara. Wannan ba ta rawa ba ce, ta cizon yatsa ce. A hankali take tafiya, da jita mai laushi irin ta jaz, muryoyin suna hawa suna sauka kamar ba faɗa suke ba, alhali wankin babban bargo suke yi wa mutumin da zai rungume ka da sunan 'yan'uwantaka hannunsa ɗaya yana aljihunka. A Amurkar wancan lokaci kowa ɗan'uwan kowa ne a baki, ana ɗaga dunƙulallen hannu, sai ga O'Jays sun ce a'a, a nuna a aikace. Jarumtaka ce mawaƙi ya soki abokin gaba, amma ya juyo ya soki na gida, wannan sai namijin duniya. Baƙon da ya zauna Kodebuwa ya san zafin waƙar nan ba sai an fassara masa ba. Ƙasa ce da ta karɓi baƙi fiye da kowace a yankin nan, wannan ba a musu, kuma Shugaba Houphouët-Boigny ya buɗe ƙofa da gaske. Amma mun ga katin zama da aka ƙaƙaba wa baƙi a farkon shekarun 1990, mun ga yadda aka riƙa tare mutum a shinge saboda doguwar riga da sunansa, mun ga siyasar ivoirité, ta wane ne ɗan ƙasa na asali, da inda ta kai ƙasar a 2002 da kuma 2010 zuwa 2011. Katin dai an soke shi ga 'yan Afirka ta Yamma a 2007. Kada kuma mu wanke kanmu: maigidan da zai karɓi yaro daga ƙauyensu, ya sa shi a rumfa shekara biyu, ranar sallama ya ce ai mu 'yan'uwa ne ba a lissafi tsakaninmu, shi ma da shi ake. Kusan ƙarshen waƙar, inda Levert da Williams suke musayar magana ɗaya na hawa kan ɗaya, ni a wurina babu minti biyu da suka fi su a duk tarihin kamfanin nan.

Sauran waƙoƙin ba cikon benci ba ne. Put Your Hands Together ce ta buɗe faifan da tafi da zuga irin ta coci, ta kuma shiga goman farko a Amurka. This Air I Breathe kuka ce kan gurɓatar iska, a lokacin da ba kowane mawaƙi ya damu da wannan ba. Mutanen Abijan da suka shaƙi warin dattin jirgin Probo Koala a Agustan 2006, lokacin da aka zubar da guba a Akouédo da wasu wurare cikin gari har fiye da mutum 100,000 suka nemi magani, ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Now That We Found Love kuwa ta yi 'ya'ya da jikoki. Third World na Jamaika suka mayar da ita rege a 1978, Heavy D ya sake ta a 1991, kuma a ƙasar Alpha Blondy, inda rege ya zama kamar kiɗan gado, sai ka yi ta rantsuwa kafin matashi ya yarda cewa asalinta daga Filadelfiya take, a hankali kuma ake rera ta. You Got Your Hooks in Me ta masu ciwon so ce, a ji ta bayan Isha'i. Ta ƙarshe, People Keep Tellin' Me, wasu na cewa ba ta kai sauran ba. To, bayan an ɗora maka jirgin bayi da kuɗi da munafuncin ɗan'uwa, ai ka cancanci a sallame ka da fara'a.

Kasuwa ma ba ta ba su kunya ba, kuma wannan shi ne abin mamakin. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayen baƙar fata na mujallar Billboard, ya kai na 11 a jerin gama-gari. For the Love of Money ta kai ta tara a 1974, ta kuma shiga takarar Grammy. A 1992 aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Faifai mai ƙarar bulala a ciki! William Powell bai daɗe yana cin moriyar abin ba, ciwon daji ya ɗauke shi a 1977 yana da shekara 35, kuma duk da Sammy Strain da ya maye gurbinsa gwani ne, wannan siririyar murya ta sama ba a sake samun irinta ba. An shigar da ƙungiyar Rock and Roll Hall of Fame a 2005, a makare ƙwarai in ka tambaye ni.

Na san masoya Temptations za su taso mini da Masterpiece, wanda shi ma a 1973 ya fito, shi ma da doguwar waƙa mai maganar talaucin unguwannin baƙar fata. Kyakkyawan faifai ne, ina da shi. Sai dai a can furodusa Norman Whitfield ne tauraro. Waƙar ta kusa minti goma sha huɗu, mawaƙan kuwa 'yan mintuna kaɗan aka ba su, har mutane suka riƙa zolayar cewa Temptations sun zama 'yan rakiya a faifansu, su kansu kuma abin ya dame su. Gamble da Huff ba su yi wa O'Jays haka ba. Duk yawan goge da ƙaho da gangunan MFSB, in Levert ya buɗe baki kowa matsawa yake ya ba shi wuri. Wanda bai yarda ba ya zo da nasa faifan Treichville ranar Lahadi da la'asar, amma da sharaɗi: ba a wayar hannu za a ji ba, don lasifikar waya ba ta iya ɗaukar bes ɗin Anthony Jackson. Akwatin sauti babba za a nemo, kuma wanda ya sha kaye shi zai sayi garba.